ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Yau na ɗan jingine labarin soyayya gefe guda, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na tabbata in ban amayar da ita ba, ba zan samu sukuni ba. Na san wani zai ce me ya haɗa marubucin littattafan Hausa da batun manhajar kwamfuta, mutumin da iyakacin bokonsa sakandare? To a yi haƙuri a bi ni sannu, domin abin a gidana ya faru, kuma littattafaina ne suka kusa salwanta a cikinsa.

Kwanakin baya ɗan yayata ya ja ni wani ɗan taro na matasa masu harkar kwamfuta a nan Ƙaura. Wani saurayi mai zaƙin baki ya tashi ya yi jawabi, ya ce a yau ɗan talaka ba shi da sauran uzuri, domin manyan kamfanonin duniya sun ji ƙanmu, duk wanda yake aikin buɗaɗɗiyar manhaja za su ba shi lasisin kayan aikinsu kyauta, kayan da wasu ke biyan ɗaruruwan daloli a kansu duk shekara. Ya ce wannan karamci ne da ya kamata mu gode. Aka ɗauki tafi raf-raf-raf. Ni dai ban tafa ba, kuma dalilin ƙin tafawata ne nake son in bayyana, ko da za a ce na cika baƙar magana.

Bari in fara da fayyace abin ga wanda bai san shi ba, kamar yadda ni ma aka fayyace mini. Kowace manhaja da ke cikin wayarka ko kwamfutarka wani ne ya zauna ya rubuta ta, layi bayan layi, kamar yadda nake rubuta babi bayan babi. Wasu kamfanoni suna ɓoye wannan rubutu, su sayar maka da izinin amfani kawai, wanda shi ake kira lasisi. Wasu mutane kuma sukan baje nasu rubutun a fili, su ce kowa ya ɗauka ya yi amfani, ya karanta ya ga yadda aka ƙulla, ya gyara in ya ga dama, ya kuma raba wa wasu. Wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ne ya fara wannan kira a 1983, sannan a 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux, wanda shi ne ginshiƙin da aka ɗora Android a kai, wato wayar da ke aljihun mai shayi da mai faci. Mu a nan ba baƙon abu ba ne, sunansa aikin gayya: kowa ya zo da fartanyarsa, a nome gona, a watse ba wanda ya ce a biya shi.

To su waɗannan 'yan gayya su ma suna buƙatar kayan aiki, wato wasu manhajoji da ake rubuta manhaja da su. A nan ne kamfanoni suka shigo. Kamfani irin su JetBrains ya daɗe yana bai wa masu irin wannan aiki lasisi ba tare da sun biya ba. GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018 a kan dala biliyan 7.5, shi ma da ya fito da Copilot kasuwa a 2022 a kan dala 10 duk wata, ya ce ɗalibai da masu kula da shahararrun ayyukan gayya ba za su biya ba. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Abin da na musa shi ne sunan da aka raɗa wa abin. Jama'a, wannan ba kyauta ba ce, aro ne.

Bahaushe ya san bambancin kyauta da aro tun kafin a ƙera kwamfuta. In na ba ka riga kyauta, ta zama taka, ka sa, ka rage mata hannu, ka ba ƙanenka, ka sayar, ba ruwana. In kuwa na ara maka, to ranar da na so zan aiko yaro ya karɓo, ko da kana tsakiyar ɗaurin aure. Yanzu dubi irin sharuɗɗan da aka saba gindayawa a kan wannan lasisi. Yawanci na shekara guda ne, in ta ƙare sai ka sake neman alfarma. Sai ka nuna aikinka ya yi watanni yana gudana ba yankewa. Ba a yarda ka yi aikin neman kuɗi da shi ba, ma'ana in wani ɗan kasuwa ya ce ka rubuta masa manhajar lissafin shagonsa ya biya ka, to ka ajiye kayan mutane. Ba ka da ikon miƙa wa abokinka. Ba ka da ikon leƙa cikinsa balle ka gyara. Wace irin kyauta ce wannan, wadda mai ita bai saki igiyar ba?

Kada a ce ƙauyanci ne ya sa nake wannan zargi. Abin ya faru da wanda ya fi kowa a wannan fage. A 2002 shi kansa Linus Torvalds ya karɓi irin wannan tayi, ya riƙa tattara aikin Linux da wata manhaja mai suna BitKeeper, ta kamfanin wani mutum Larry McVoy, wanda ya ba su izinin amfani ba biya, bisa sharaɗin kada mai amfani da ita ya taɓa aikin ƙera kishiyarta. Stallman ya yi ta gargaɗi, aka mayar da shi mai tsattsauran ra'ayi. A watan Afrilu na 2005 aka samu saɓani bayan wani ɗan Ostireliya, Andrew Tridgell, ya rubuta wata 'yar manhaja da ke iya ɗebo bayanai daga BitKeeper, sai mai kaya ya ce ya janye kayansa. Dubban mutane a faɗin duniya suka wayi gari ba fartanya a tsakiyar damina. Abin da ya cece su shi ne Linus ya zauna ya ƙera tasa, ya sa mata suna Git, ya sake ta ga kowa ba sharaɗin da zai ba wani damar ƙwacewa. Yau Git ce kusan kowa yake amfani da ita, ita kuwa BitKeeper sai a 2016 aka buɗe ta ga jama'a, lokacin da kasuwa ta riga ta watse. To in an yi wa Linus haka, wane ne ɗan yayata?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A 2019 GitHub ya taƙaita asusun mutanen Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka, ba don sun yi laifin komai ba sai don inda suke zaune. A watan Oktoba na wannan shekarar Adobe ya sanar da rufe asusun duk mutanen Benezuwela saboda umarnin gwamnatin Amurka, sai daga baya ya samo izinin ci gaba. A watan Nuwamba na 2022 Heroku, inda ɗimbin masu koyo ke ajiye ƙananan ayyukansu ba biya, ya rufe wannan ƙofa. Kowannensu yana da hujjarsa, kuma ban ce hujjar ƙarya ce ba. Abin da nake nunawa shi ne duk a hannunsu wuƙa da nama suke.

Yanzu bari in dawo gida. Littafina na farko a 2003 aka buga mini shi a kwamfuta, a wani shagon buga takardu. Duk wanda ya yi rubutu a wancan zamani ya san wahalar ƙ da ɗ da ɓ. Allah Ya saka wa Farfesa Abdalla Uba Adamu da alheri, domin tun a shekarun 1990 ya samar da haruffan Rabi'at da Abdalla masu lanƙwasa, marubuta da maɗaba'u suka samu sauƙi. Sai dai a fasahar wancan lokaci, irin waɗannan haruffa gurbin wasu alamomi suke ara, don haka in ka buɗe tsohon rubutu a kwamfutar da ba ta da su, sai ka ga wasu ƙwarangwal a inda ƙ da ɗ suke. Littattafaina shida suna cikin wannan hali a tsofaffin faya-fayai. Da na so in sake fito da su, aka ce sai dai a bi su harafi-harafi, ko a sake bugawa daga farko.

Ɗan yayata, wanda a lokacin yake karatun kwamfuta a nan Ƙaura, shi ya ce zai rubuta 'yar manhaja da za ta bi rubutun ta mayar da kowane harafi irin na zamani wanda kowace waya ke ganewa. Ya haɗa kai da abokansa biyu, ɗaya mai gyaran waya ne a Shinkafi, ɗaya kuma yana koyarwa a wata makaranta a Zurmi. Suka baje aikin a fili don duk wani marubuci ya amfana. Wani kamfani, wanda ba zan kama sunansa ba, ya ba su lasisin shekara guda. Ranar da saƙon ya zo yaron nan har da rawa, ya ce, "Kawu, Turawa sun san da zamanmu!"

Ba wanda ya lura cewa wa'adin zai cika a watan Satumba na 2021. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a tuna musu wannan wata. A farkonsa aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka dakatar da kasuwannin mako, har da babbar kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Muka koma zamanin ba direban mota wasiƙa. A cikin wannan hali ne wata safiya yaron ya shigo mini da kwamfuta a hannu, ido ya yi ja, ya ce, "Kawu, abin ga ya ƙiya. Wai sai an sabunta, kuma ba a sabuntawa sai da sabis." Ga kwamfuta da caji, ga aiki ya kai rabi, ga lokaci tunda kowa yana zaune a gida, amma kayan aiki sun kulle kansu, makullin yana wata ƙasa. Ba wanda ya zalunce mu, sharaɗi ne aka rubuta muka sa hannu. Mai kaya bai ma san akwai wani gari Zurmi ba, balle ya san an kashe mata sabis. To wannan rashin sanin shi ne abin tsoron.

Abin da ya fitar da mu shi ne abin da saurayin nan mai jawabi bai ambata ba ko sau ɗaya. Abokin nan na Shinkafi yana da Linux a wata tsohuwar kwamfuta, da Python da Git da wata manhajar rubutu mara ado. Ya kwafo su a katin waya ya ba wani direba ya kawo Ƙaura. Ba su nemi izinin kowa ba, domin masu su sun riga sun ba duniya izini tun farko. Git kuwa, da yake an gina ta ne yadda kowa zai riƙe cikakken kwafin aiki a wurinsa, ba ta damu da sabis ba. Haka katin nan ya riƙa yawo tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi a aljihun direbobi, kowa ya ƙara nasa ya mayar. Kafin a dawo da layi a Gusau a farkon Oktoba, littattafaina huɗu sun dawo hayyacinsu. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Na san amsoshin da za a ba ni, kuma ba zan gudu daga gare su ba.

Za a ce an ba ka abu ba ka biya ba, kuma kana ƙorafi, wannan ai butulci ne. To wa ya ce ba a biya ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfani ya san in hannun yaro ya saba da kayansa tun yana koyo, ranar da ya samu aiki su zai ce a saya. Ya san sunan kowane aikin gayya da ya rataya a shafinsa talla ne. Uwa-uba, su kansu kamfanonin a kan gumin 'yan gayya suka yi gini. Shi wannan Copilot da rubutun da mutane suka baje a fili aka horar da shi, har wasu suka kai ƙara kotu a Amurka a watan Nuwamba na 2022. A 2014, da aka gano ɓarakar da aka kira Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet, sai duniya ta ji kunya, domin gudummawar da masu kula da ita ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. An kwashe damman gayya an kai rumbu, sannan an dawo an ara wa manoman lauje, ana jiran su yi godiya.

Za a ce ai kamfani ma sai ya ci abinci. Ƙwarai kuwa. Ni mai sayar da littafi ne, na san zafin a ci guminka. Ban ce kowa ya yi aiki a banza ba, ban kuma ce haramun ne a sayar da manhaja ba. Wanda ya ce ga kayana ga kuɗinsu, mun rabu lafiya. Rigimata da wanda ya ara mini ne ake cewa in kira shi mai kyauta. Mu marubuta mun sha wannan a hannun wasu 'yan kasuwar littafi: ya ce kawo in buga maka ba sai ka ba da ko sisi ba, kana murna, sai bayan shekara ka tarar kai da littafinka sai dai ka gan shi a tebur.

Za a ce kayan kamfani sun fi kyau da sauƙi. Sau da yawa haka ne, ban ƙi ba. Yaran nan sun sha wuya kafin hannunsu ya faɗa. Ni ma da na koma rubutu da LibreOffice na yi makonni ina laluben inda abubuwa suke. Amma wuyar koyo ta kwana arba'in ce, ta zaman jiran alfarma kuwa ba ta da ranar ƙarewa.

Akwai kuma tambayar da ba a yi ba a wurin taron: wa ake ba? An ce shahararrun ayyuka. Wa yake auna shahara? Manhajar gyara ƙ da ɗ ko ta shekara goma ba za ta tara mabiyan da wani ɗan abin wasa na Turanci zai tara a mako guda ba. An ce aiki mai gudana ba yankewa. Yaron da ke Zurmi, wanda sai ya kai waya shagon caji, wanda wani lokaci tsoron hanya ke hana shi fita gari, ta yaya aikinsa ba zai yanke ba? Ma'aunin an yanka shi ne daidai jikin mai wuta da intanet dare da rana. Saboda haka wanda ya fi buƙata shi ne ya fi nisa da samu.

Kafin a ce na zage wasu na bar gida, bari in juyo kanmu. Mu marubuta mun fi kowa kuka a kan masu kwafe littattafanmu su watsa a WhatsApp ba izini, kuma kukanmu gaskiya ne. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, littattafai nawa ne a cikin namu aka tsara da PageMaker da CorelDraw na halal? Da faifan sata na bakin kasuwa aka yi mafi yawansu, har da nawa. Ba zai yiwu mu riƙa tsine wa ɓarawon littafi da bakin da muke lasar miyar sata ba. Ga hanya ta uku a buɗe, wadda ba sata ba ce ba kuma roƙo ba: LibreOffice don rubutu, Scribus don tsara shafi, Inkscape da GIMP don bango. Ga haruffa irin su Charis da Andika na ƙungiyar SIL masu ɗauke da duk lanƙwasarmu, har da Alkalami na rubutun ajami irin hannun Kano, duk an sake su da lasisin da ya ba kowa damar amfani da rabawa. Wannan ita ce kyauta, domin wanda ya bayar ba zai iya aiko yaro ya karɓe ba. A addinance ma sunanta waƙafi, kamar rijiyar da aka haƙa a bakin hanya.

Saboda haka ga kirana. Ku matasa, ban ce in an miƙo muku lasisi ku mayar ba. Ku karɓa, ku yi amfani, amma ku karanta sharaɗi, ku rubuta ranar ƙarewa a bango, kuma kada ku yarda ku gina aikin da ba zai tashi ba sai da shi. Ku tambayi kanku: in aka wayi gari ba sabis wata uku, me zai rage a hannuna? Mu nan ba misali ba ne, mun gani da idonmu.

Ku malaman kwamfuta, tun daga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Ƙaura har zuwa ƙananan shagunan koyarwa, ku fara ɗora yara a kan kayan da za su iya tafiya da su gida su raba wa ƙannensu ba tare da sun zama ɓarayi ko maroƙa ba.

Ku masu hali na Shinkafi da Zurmi da Ƙaura, abin da yaran nan suka rasa ba lasisi ba ne. Sun rasa wuta, sun rasa data, sun rasa kwamfuta mai lafiya. Faranti biyu na sola da batir a ɗaki guda sun fi musu lasisi ɗari. Jiharmu tana da hukumar zakka da waƙafi, kuma ni a nawa ɗan guntun sani ban ga abin da zai hana a lissafa ilmin da aka baje wa al'umma cikin sadaka mai gudana ba. Ga 'yan'uwanmu can suna rubuta Wikipedia ta Hausa, ga na HausaNLP da Masakhane suna tara wa harsunanmu kayan aiki a fili. Da wa za su dogara in ba mu ba?

Mu kuma marubuta, kowa ya duba akwatinsa. Akwai littafin da ya shekara ashirin ba a sake buga shi ba, ba ya kawo maka ko kwabo, asu ne kawai ke karanta shi. Ni dai na yanke shawara, littafina na farko, wanda yaran nan suka ceto, zan sake shi ga jama'a da hannuna, da sharaɗin a bar sunana a kai. Sauran biyar kuwa na sayarwa ne, wanda ya kwafa ba izini mu haɗu gaban hukuma. Wanda na bayar na bayar, wanda na riƙe na riƙe, ba zan ara wa mutane abu in ce su yi mini kirarin mai kyauta ba.

Shi kuma ɗan'uwana mai jawabi, in wannan rubutu ya iske shi, ina roƙon ya yi mini afuwa, ba ƙiyayya ba ce. In ya sake samun dama a gaban yara, ya gaya musu akwai lasisin da ba a biya, sannan ya ƙara da faɗa musu ranar da yake ƙarewa da sunan wanda ke riƙe da makullin. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya sa mu dace.

Wassalam.
Naku, daga Ƙauran Namoda.